Ku Tambayi Kawu: Bazara Da Masu Cewa Sun Tsaya Wuri Ɗaya

Jama'a assalamu alaikum, ya zafi? Sannunmu da fama. Wasiƙun wannan watan da na zauna na karanta sai naga kusan rabinsu kuka ɗaya ake yi, wannan yace ya tsaya wuri ɗaya, waccan tace kullum sai ta fara abu ta bari, wani kuma ya gaji da jin ana ce masa ya yi haƙuri kwata-kwata. Na zaɓo guda biyar. Masu tambayar aure da rabon gado ku yi min afuwa sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA TA FARKO

Salam Kawu barka da aiki. Ni matashi ne shekarata 29, na gama digiri na yi bautar ƙasa, na zaga da takardu har na gaji ba aiki, shine na haƙura na shiga koyon haɗa sola wajen wani oga a nan garinmu. Yanzu wata tara kenan amma wallahi Kawu har yau ni ne mai ɗaukar tsani da miƙo waya, in an samu a sallame ni da dubu biyu in ba a samu ba shikenan. Da yamma ina zama shagon POS na wani abokina, ina ɗan taɓa mainin a waya, kwanaki kuma na fara koyon zane a kwamfuta. Waɗanda muka gama tare wani ya yi aure wani ya sayi mota, in na buɗe status ɗin mutane sai inji zuciyata ta yi nauyi. Anya ba ɓata lokacina nake ba?
Wani matashi daga Gusau

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Gobe in za ka fita da tsanin naka ka ɗan ɗaga kai ka kalli kukar da ke kan hanya. Rabon Gusau da ruwan sama tun wajen Oktoba, ƙasa ta bushe ƙamas, a Afrilu zafi yana haura digiri 40, akuya ma gindin katanga take bi, amma daidai wannan lokacin ne kukar da ta yi watanni tsirara take fara feso ɗanyen ganye tun ɗigo ɗaya bai sauka ba. Kuma ba ita kaɗai ba, itatuwan dajinmu da yawa haka suke, ɗorawa tun cikin rani take yin tutu, kaɗanya ta yi fure. Ruwan daga ina? Ajiyar bara ce. Kuka gangar jikinta tana riƙe ruwa, sauran kuma saiwarsu ta nutse ta kamo laimar ƙasa, abincin da ganyen damina ya haɗa yana nan a ɓoye a jijiya. Wanda ya wuce ta gindinta a Janairu zai rantse ta mutu.

Bari in ba ka labarin Maraɗi don ya fi dacewa da kai. A farkon shekarun 1980 gonakin yankin sun zama fili fetal, iska tana kwashe ƙasa tana binne shuka, ƙungiyoyi suka dinga kawo dashen itatuwa daga gandun reno ana dasawa ana ban ruwa, akasarinsu suna mutuwa, wasu rana ta ƙone wasu awaki su cinye. Wani Bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, yana cikin masu wannan wahalar. A 1983 ne ya tsaya ya duba ƙananan tsirran nan da ke fitowa ko'ina a gona waɗanda manoma ke sassabewa kowace bazara su ƙone, sai ya gane ashe ba ciyayi ba ne, tohon kututturan manyan itatuwan da aka sare ne tun da daɗewa, saiwarsu na nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa. Kowace shekara kututture ɗaya sai ya fitar da tsiro ashirin ko talatin, duk sirara, ba wanda zai zama itace don sun yi wa juna yawa. Dabarar ba wata mai tsada ba ce, wuƙa ce kawai ko lauje: ka zaɓi guda uku zuwa biyar mafiya ƙarfi ka bari, ka yanke sauran, ka sassake na ƙasa-ƙasa, ka kare su daga dabbobi. Da yake saiwar tsohuwa ce ta riga ta yi nisa, girman da suke yi dashen gandu ba ya kama ƙafarsa. Bayan shekara ashirin da 'yan kai da aka duba hotunan tauraron ɗan adam aka yi ƙiyasin hekta kusan miliyan 5 ta farfaɗo a kudancin Nijar, itace kusan miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Shi Baturen an ba shi lambar yabo ta duniya a 2018 tare da wani manomi, Yakuba Sawadogo na Burkina Faso, amma in ka tambaye ni aikin na manoman ne, su suka sha ranar, kuma tsofaffinsu dama sun san wannan hikimar kafin a zo a ce musu gona mai tsafta ita ce wadda ba itace.

To kai yanzu ɗana, saiwa kana da ita. Digirin nan da kake gani kamar takarda ce kawai, shi ya sa za ka iya karanta bayanin da ke jikin inbata ka gane, ka yi lissafi, ka yi wa kwastoma magana ya fahimta. Matsalarka tsiro ya yi yawa. Sola, POS, mainin, zane, mutum ɗaya, kwana ɗaya mai awa 24. Ni da zan riƙe maka wuƙar mainin zan fara yankewa, ba sai na yi dogon bayani ba kai ma ka san nawa ya shigo aljihunka ta nan da kuma data nawa ya ci. Zanen ka ajiye shi gefe tukun. POS ɗin ka riƙe tunda shi ke ba ka na sabulu.

Sannan ka daina auna kanka da dubu biyun da ake ba ka, ba ita ce ma'auni ba a wannan matakin. Ka zauna ka tambayi kanka da gaske, in yau aka kai ka gida aka ce ga fanka huɗu, ga firji, ga talabijin, ga ƙwan fitila goma, za ka iya lissafa fanel nawa da batir nawa za su ɗauka? In inbata ta fara ƙara tana yanke wuta ka san inda za ka fara dubawa? In amsar eh ce, ko rabin eh, to wata taran nan ba ta tafi a banza ba. In kuma a'a ce, wata tara kana miƙo waya ba a taɓa barinka ka ɗaura ba, to nan akwai magana, ka samu ogan naka cikin ladabi ka ce oga ina so in fara sa hannu, in ya ƙi a wata biyu uku masu zuwa ka nemi wani ogan, masu aikin sola yanzu ba su da wuyar samu.

Batun abokai kuwa, zogale a wata shida ya fi ka tsawo kana cin ganyensa, kaɗanya sai ta yi shekara goma zuwa sha biyar kafin ta fara 'ya'ya amma jikokin jikokinka za su tsinci ƙwararta. Gawo ma ya fi su ban mamaki, da damina da kowa ke kore shi kaɗe ganyensa yake, sai rani ya yi kowa ya bushe sannan ya cika da ganye dabbobi su taru a gindinsa, kuma geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na fili kyau. Ban ce kai kaɗanya ne ba, ban san ka ba, ƙila abokin naka mai mota ya fi ka ƙoƙari ne, ƙila kuma bashi ne. Status dai ba ya nuna wannan.

TAMBAYA TA BIYU

Kawu ina wuni, dan Allah a taimaka min da shawara. Ni duk shekara in azumi ya wuce sai in ɗauki alƙawari da kaina, zan riƙa tashi tahajjud kullum, zan haddace shafi ɗaya a rana, zan daina shan lemon kwalba, zan riƙa zagaye da safe saboda ƙiba, har littafi nake saya in rubuta. Sati biyu ina yi kamar gaske, daga nan rana ɗaya in makara ko yaro ya kwana ba lafiya shikenan komai ya rushe sai kuma wata shekarar. Shekara biyar kenan ina haka har na fara tunanin ko ni munafuka ce ban sani ba.
Wata uwar yara uku daga Zariya

AMSA

Lafiya lau 'yata. Ki cire maganar munafunci a ranki, munafuki ba ya kwana da damuwar ya rasa tahajjud.

Duk wanda ya tashi a karkara ya san rigimar ruwan farko. An sha zafi an gaji, ran nan hadari ya haɗu aka sheƙa ruwa, ƙamshin ƙasa ya tashi, da asuba gari ya fashe kowa da sungumi da ƙwaryar iri. Kwana huɗu gero ya tsiro gwanin sha'awa. Sai sama ta ɗauke sati biyu ko uku, rana ta ƙone shi ƙurmus, wanda ya juye irinsa duka sai ya koma kasuwa neman wani da tsada. Shi ya sa dattijon manomi ba ya rawar kai, zai sa hannu ya tona yaga iya inda laima ta kai, wani ya shuka gona ɗaya ya riƙe sauran irin. Masu bincike a cibiyar nazarin noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai har ƙa'ida suka fitar a kan wannan tun a shekarun 1980, cewa ba a ce damina ta kama ba sai an samu ruwa aƙalla milimita 20 cikin kwana uku, kuma a kwana talatin da suka biyo baya ba a yi fari da ya wuce kwana bakwai ba. Kinga kenan ba a ranar ruwan ake sanin gaskiyarsa ba, sai an ga abin da ya biyo.

Zumuɗin bayan azumi ruwan farko ne. Ruwa ne na gaske, ba ƙarya ba ne, amma a watan azumi gari gaba ɗaya ke taya ki, kowa ya tashi sahur, masallaci na karatu, ba girkin rana. Shawwal na kamawa duk wannan tallafin ya janye ya bar ki ke kaɗai da yara uku da wanki da kai makaranta, ke kuma a ranar kika juye irinki duka, abu huɗu manya lokaci guda.

Ki ɗauki ɗaya. Ɗaya tak, kuma ki rage shi har sai kin ji kunyar ƙanƙantarsa. Misali haddar, ki bar maganar shafi a rana, ki ɗauki layi uku. Mus'hafin bugun Madina layi 15 ne a shafi, shafi 604, layi uku a rana shafi ɗaya kenan a kwana biyar, a shekara shafi 73, izu bakwai da ɗoriya. Ki lissafa da tun shekara biyar ɗin nan haka kike yi, ko da kin cire ranakun bita da na uzuri, yau ina kike? Kuma ki ɗaura shi a jikin abin da kike yi dama, kina sallame asuba kafin ki tashi daga kan darduma, kada ki ce sai kin samu lokaci don uwar yara uku ba ta samun lokaci. Hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim ai kin san shi, aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Alƙur'anin kansa shekara 23 ya yi yana sauka.

Akwai wata magana da ke yawo a waya wai kwana 21 ya isa abu ya zama ɗabi'a, kada ki ɗauka. Wata mai bincike, Phillippa Lally, da abokan aikinta a wata jami'a a Landan sun bi mutum 96 da kowanne ya ɗauki sabuwar ɗabi'a ƙarama, aka buga sakamakon wajen 2009, matsakaicin lokacin da abin ya ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, wani 18 ya ishe shi wani kuma lissafi ya nuna sai 254. Abin da ya fi burge ni a ciki, sun ga tsallake rana ɗaya bai ɓata komai ba. Ke kuwa rana ɗayan nan ce take kashe ki, ba don ta yi ɓarna ba sai don kin yanke wa kanki hukunci a kanta. Manomi in ya zaga yaga gurbi a kunya cike gurbin yake, dashe yake yi, ba ya kiran shanu a sake huɗe gonar. Ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi jinyarsa ita ce ibadarki ta ranar, washegari ki ɗora daga inda kika tsaya. Lemon kwalba kuma mu haɗu bayan babbar sallah mu yi maganarsa.

TAMBAYA TA UKU

Assalamu alaikum Kawu. Ina karatun digiri na biyu a Bradford a Ingila, na zo a Satumba. Wallahi lokacin sanyin nan na sha wahala, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi, ba na son fita, ba na son magana da kowa, karatu ba ya shiga, kuka nake yi ba dalili. Yanzu gari ya fara haske, furanni sun fito ko'ina, Turawa sai murna suke, ni kuma haushin kaina nake ji don ina ganin na zubar da wata biyar a banza ga rubutun kammalawa ya matso. Ta ina zan fara?
Wata ɗalibarku daga Ingila

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'a. Farko dai abin da ya same ki sananne ne a can, likitocinsu sun san shi, ƙarancin hasken rana yana taɓa barci da walwalar mutum, kuma wanda ya taso a inda tsawon yini bai cika bambanta ba ya fi jin jiki. A Kano tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai fi awa ɗaya da rabi ba. A Landan kuwa ƙarshen Disamba hasken bai cika awa takwas ba, a Yuni ya haura sha shida, ku da kuke arewa da Landan ma abin ya fi haka. Jikinki bai taɓa ganin irin wannan ba, ba lalaci ba ne.

Ki lura da yadda hasken nan ya dawo. Daga wajen 21 ga Disamba yini ya fara ƙaruwa, amma a kwanakin farko daƙiƙoƙi ne kawai ba wanda ke gani, kuma sanyi mafi tsanani ma a Janairu da Fabrairu yake zuwa, wato abu ya riga ya juya amma jiki yana cewa ƙara lalacewa yake. Sai a Maris ƙarin ya kai kusan minti huɗu a rana, ƙarshen watan a tura agogo gaba da awa ɗaya, mutane su farka su ce kai gari ya canja. Furannin nan masu ruwan ɗorawa da kike gani a bakin titi tun wajen Satumba da Oktoba aka binne albasarsu, lokacin da kika sauka ƙasar kenan, duk sanyin nan suna ƙasa suna yin saiwa. Tuffa da ceri kuwa in ba su samu ɗaruruwan awanni na sanyi ba fure ba ya fita da kyau, sanyin yana cikin sharaɗin. Mu ma nan ai mun san haka a alkama, manoman Kadawa da Haɗeja suna rige-rigen shuka a Nuwamba da Disamba ne don ta samu hunturu, wanda ya makara zafi ya riske ta ba ya samun kirki. Ke ma a wata biyar ɗin nan kin koyi hawa bas ɗinsu, kin koyi jin Turancin mutanen Yokshaya, yankin da Bradford take, wanda shi kansa karatu ne, kin san yadda malamansu ke son rubutu, kin kwana ke kaɗai a ƙasar da ba uwa ba uba kin tashi. Ba a rubuta wannan a sakamakon jarrabawa amma da shi za ki yi rubutun.

Sai dai kada ki ce za ki rama wata biyar a sati ɗaya. A 2021 ƙarshen Maris ya yi ɗumi sosai a Faransa, inabi da itatuwan marmari suka yi saurin toho, farkon Afrilu sanyi mai daskarewa ya dawo ya ƙone su, manoma har wuta suka dinga kunnawa cikin gonaki da dare amma asarar ta yi yawa. Ki fara da zuwa wajen malamin da ke duba aikinki ki gaya masa gaskiyar inda kike, sun saba ji, kuma jami'o'insu suna da tsarin ƙarin lokaci ga wanda rashin lafiya ta taɓa. Ki riƙa fita da safe ko minti ashirin ne ki sha haske. Hukumar lafiyarsu tana ba masu duhun fata shawarar shan bitamin D maikurogiram 10 kullum duk shekara, ki tambaya a kemis. Bradford kuma cike take da Musulmi da masallatai, ki nemi 'yan uwa. In kukan nan da rashin son magana bai ragu ba duk da gari ya yi haske, kada ki tsaya jira, ki je ki ga likita.

TAMBAYA TA HUƊU

Malam Kawu ni fa ban yarda da wannan wa'azin haƙurin naku ba. Tun muna yara ake ce mana mahaƙurci mawadaci, yau shekarata 47 ina koyarwa a firamare, albashi ba ya kai sati biyu, zafi ba wuta ba ruwa. Haƙuri ai sandar da manya ke kora talaka da ita ne. In ka isa ka buga.
Wani malamin makaranta daga Kano

AMSA

Na buga Malam, kuma rabin maganarka na sa hannu. Ni ma ba na son yadda ake ƙawata bazara a baki kamar wata aljanna, lokaci ne mai kisa. Lokacin sanƙarau ne, a 1996 kaɗai ya kama mutum sama da dubu ɗari a Najeriya ya kashe sama da dubu goma sha ɗaya, akasari a arewa. Lokacin da rijiya ke ƙafewa ne, shanu su rame har ka ƙirga haƙarƙari, rumbu ya fara ƙara. Wanda ke cikin ofis mai sanyi bai da bakin ce wa mai kwana a waje ya yi haƙuri.

Amma ka duba haƙurin manomi da kyau, shi ba zama yake ba kuma ba har abada ba ne. Cikin wannan ranar yake kai taki da mangala, ya yi sassabe, ya gyara garma, ya ware iri. In ya shuka yana da wa'adi a kansa, gero in da laima kwana uku zuwa biyar ya fito, in sati ya wuce shiru zai je ya tona yaga ko tsuntsu ne ko ɓera ko irin ne ya ruɓe, ya sake shuka. In damina ta yi nisa ya san dawa mai dogon kwana ba za ta kai ba sai ya juya ya sa wake ko iri mai saurin nuna. Wanda ya zauna gindin ramin da ba ya tsirowa har kaka yana cewa haƙuri yake, a ƙauye ba mai kiransa mahaƙurci.

Kuma labarin Maraɗi da na ba wancan yaron akwai ɓangaren da ya shafe ka. A da dokar gandun daji ta Nijar ta mayar da itatuwa mallakar hukuma, ko a gonarka ne in ka sare reshe ma'aikacin gandun daji zai iya cin ka tara, to wa zai yi renon abin da ba nasa ba? Sai da aka sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya rena shi zai mora, sannan abin ya bazu. Mutanen nan ba haƙuri suka rasa ba tun farko, tabbacin cin guminsu suka rasa. Don haka neman haƙƙinka ta ƙungiyarku ta malamai, da bin bashin ƙarin girma, da tambayar ɗan majalisarku in ya zo neman ƙuri'a, duk ba su saɓa wa haƙuri ba, kuma duk wanda ya ce maka sun saɓa ka duba me yake ci a cikin shirunka. Inda ban bi ka ba shi ne a jefar da abin gaba ɗaya. Yaran da ka koya wa haɗa baƙi shekara ashirin da suka wuce, ai ba ranar da ka fara suka iya ba, kai ka fi ni sanin wata nawa ake yi ana nanata abu ɗaya kafin ɗan aji ɗaya ya karanta sunansa. Wannan ma haƙuri ne, kuma ba wani babba ne ya ɗora maka shi ba, sana'ar ce ta gada. Ka sake rubuto min Malam, ina son masu gardama.

TAMBAYA TA BIYAR

Kawu yarona ya shekara biyu da wata huɗu bai fara magana ba, ko Mama ba ya cewa, in an kira shi wani lokacin ba ya juyowa. Kakarsa tace nauyin baki ne na gado babansa ma haka ya yi, in yi haƙuri kowane yaro da lokacinsa. In jira ne?
Wata baiwar Allah daga Azare

AMSA

A'a 'yata, wannan kam kada ki jira. Gaskiya ne yara suna bambanta, kuma ƙila Hajiya ta yi daidai, amma yawancin yara kafin su cika shekara biyu suna da kalmomi da dama har sun fara haɗa biyu, kamar Mama zo ko ba ni ruwa. Rashin juyowar nan in an kira shi ita ta fi tsaya min a rai. Ki kai shi babban asibiti ki ce kina so a auna jinsa a sashen kunne, hanci da maƙogwaro, ki gaya musu in ya taɓa ciwon kunne mai ruwa, ko shawara yana jariri, ko ƙyanda ko sanƙarau, don duk suna iya taɓa ji. In matsalar kunne ce, gano ta da wuri yana da babban tasiri a kan yadda maganarsa za ta kasance, shekarun farkon nan su ne na koyon harshe. In kuma an auna lafiya lau, likitan yara zai duba sauran abubuwa ya gaya miki mataki na gaba. Hajiya kuma ki lallaɓa ta, ki ce mata dubawa kawai za a yi don hankali ya kwanta, in da hali ma ku tafi tare a wannan satin.